Gwiwoyin Ɗan Norway a Kan Ciyawata

Mahaifina ya ƙarar da ƙarfinsa yana yaƙi da ciyawa a gonar shinkafarsa ta Kadawa, ni kuwa sai ga ni a Doha ana biyana albashi in shuka ta, in ba ta ruwa, in yi mata aski kullum safiya. Har yau in na kira gida sai tsoho ya ce, "To, yaya gonar da ba a cin amfaninta?" Aikin gona na karanta a Zariya, na yi shekaru ina kula da filin wasa a Kaduna, daga can aka ɗauko ni aka damƙa mini filin wani ƙaramin kulob ɗin ƙwallo a gefen Doha. Lokacin ana ta haƙe garin za a binne hanyar jirgin ƙasa, unguwar Mushairib duk ramuka da ƙarafa. Daga gidana na Al Wakrah zuwa wurin aiki sai in yi awa guda ina kewaye shinge.

Ni mutum ne mai saurin hawa, ba na ɓoyewa. A fili kuwa abu ɗaya ya fi komai tafasa mini zuciya: ɗan wasa ya ci ƙwallo, ya rugo kwana, ya zube kan gwiwoyinsa ya zame. Shi yana murna, 'yan kallo na ihu, ni abin da nake gani layi biyu ne na ciyawar da na yi wata ina lallaɓawa, an tuge ta har saiwa. Washegari ni da ma'aikatana 'yan Nepal mu ne a durƙushe da bokitin yashi da iri muna toshewa. Akwai ɗan wasan da na taɓa bi har ƙofar ɗakin canza kaya da manjagara a hannu, koci ne ya raba mu. Tun daga ranar in namu suka ci sai su yi tsalle, su rungumi juna, su saci kallona.

A ƙarshen wani watan Agusta aka kawo mana ɗan Norway. Shekararsa ashirin da biyu, dogo, gashinsa kamar gemun masara, ɗan wasan gaba. An ce a ƙasarsu raga ba ta hutawa a hannunsa, shi ya sa kulob ya saye shi. Ranar da ya fara fitowa atisaye ko minti goma bai yi ba ya koma jajawur, tumatirin Kadawa sak. Na ce wa direban bas ɗin kulob, "Wannan kam sai dai a ajiye shi a firji." Direban mutumin zangon Kumasi ne, abokina, mu biyu kaɗai ke jin Hausa a wurin, kuma duk abin da aka faɗa a bas ɗin nan sai ya kawo mini shi da zafinsa.

Zafin gari dai yaro ya saba da shi a hankali. Ƙwallon ce ta ƙi shi. Wasa shida bai ci ko ɗaya ba. In aka turo masa sai ya riga ta gaba, ya waiwayo ya gan ta a baya. In ya kai ƙafa zai buga sai ya sheme ƙasa ya tashi mini ciyawa. Wata rana direba ya same ni a bakin sito ya ce, "Abokina, kwanan yaron nan ya kusa ƙarewa fa. Guraben baƙi a kulob 'yan kaɗan ne, doka ce. Da kunnena na ji shugaban kulob yana faɗa a waya: in aka buɗe kasuwar 'yan wasa a Janairu bai ci ƙwallo ba, khalas, shi ke nan, a cire sunansa a sa wani." Ni ko a jikina. Baƙi nawa na gani sun zo sun tafi?

Sai wata safiya bayan sallar asuba na iso fili, raɓa ba ta ko tashi ba, na hango mutum tsugune a tsakiyar da'ira. A kan filina! Na taho ina zazzaga masifa, Turanci da Larabci da Hausa duk a haɗe. Ya miƙe. Ɗan Norway ne. Ya nuna mini bakin layi. Ga takalmansa a jere, an cusa safa a ciki.

Ya ce, "Na cire takalmi. A wurinmu ba a shiga gidan mutum da takalmi."

Shekara huɗu ina filin nan, ba ɗan wasan da ya taɓa kiransa gidana.

Ya ce, "Kai ne mai ciyawar? Tambaya gare ni. Me ya sa ƙwallo take tsayawa?"

Na ce, "Tsayawa kamar yaya?"

Nan ya ba ni labari da muryar nan tasa da ba ta hawa ba ta sauka. Garinsu can ƙuryar arewa yake, ƙanƙara na rufe ƙasa wata da watanni, ciyawar fili ba ta rayuwa. Tun yana ɗan shekara biyar a kan ciyawar roba yake wasa, da sanyi ma a cikin rufaffen ɗaki. A kan roba gudun ƙwallo ɗaya ne, safe ko yamma, hagu ko dama, kuma ƙafarsa ta haddace wannan gudun. Ya ce, "Nan kuwa yau ta gudu, gobe ta ƙi. Na tambayi koci, ya ce in ƙara ƙoƙari."

Wallahi wani daɗi ne ya kama ni tun daga tafin ƙafa. Yau ga wanda ya tambaye ni abin da na sani! Na ruga sito na ɗauko ƙwallo. Na ce, "Dubi layukan nan, wani haske wani duhu. Kana tsammani fenti ne? Injin yanka ne ke kwantar da ciyawar. Wanda ka gani da haske ya kwanta ya ba ka baya, mai duhu ya kwanta yana fuskantarka. Mirgina mu gani." Ya mirgina kan mai haske, ta tafi. Ya mirgina kan mai duhu da ƙarfi ɗaya, ta tsaya da saura taku biyu. Ya kalle ni kamar na yi tsafi. Na kunna ruwa a gefe guda na ce ya sake, ta wuce fuu kamar an kore ta. Ya ƙyalƙyale da dariya, karo na farko da na ga haƙoransa.

Washegari na sa ya kawo takalmansa na wasa. Na juya su na ga ƙusoshi gajeru birjik, irin na roba. Na ce, "Haba ɗana, da wannan kake shiga ciyawata? Ai gara silifas!" A ranar ya canza. Daga nan kullum bayan asuba yana bakin layi yana cire takalmi. Mu taka fili ƙafa ba takalmi, in ce masa ji nan, yashi ya fi yawa, ji can, inuwar rumfa ta sa ƙasar ba ta bushewa da wuri. Ya riƙa rubutawa a wani ɗan littafi. Direba ne ya koya masa ya ce mini Kawu, sai ga shi duk inda ya gan ni, ko a gaban shugabanni ne, yana ɗaga hannu, "Kawu, yaya ciyawa?"

Wata safiya ya same mu muna toshe layi biyu da wani ɗan wasan baƙi ya bar mini a kwana. Ina toshewa ina tsine wa gwiwoyinsa. Ɗan Norway ya tsuguna, ya naɗe wandonsa ya nuna mini tabo a gwiwar hagu, faɗin tafin hannu. Ya ce yana ɗan shekara tara ya ga ana yi a talabijin, ya ci ƙwallo ya gwada a kan roba. Roba ba ta zamewa, fata take salewa. Mako biyu bai iya sa dogon wando ba.

Ya ce, "Duk ƙwallayen da na ci a rayuwata, ban sake zamewa ko sau ɗaya ba." Ya shafa ramin da yatsa. "Da alama akwai daɗi."

Na ce, "Ko akwai daɗi ba a filina ba. Yi mini alkawari."

Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Na yi alkawari, Kawu." Irin mutanen nan ne da in sun faɗi magana sun gama.

A ƙarshen Oktoba aka tafi hutu, muka yi aikin da muke yi duk shekara. Ciyawar zafi mai kaurin ganye, wadda ke jure rani, in sanyi ya shigo sai ta yi barci. Don haka mukan aske ta ƙasa-ƙasa mu watsa irin ciyawar ƙasashen sanyi a kanta. Mako biyu na hana ko kyanwa taka filin. Ranar da na buɗe, ta fito kore shar, siririya, lumbu-lumbu. Yaro ya taka, ya tsaya, ya tsinki ganye ɗaya ya sansana. Ya ce haka makiyayar tumakin kakarsa take ƙamshi in ƙanƙara ta narke. Na ce, "To ga 'yar ƙasarku na kawo maka. In ka sake faɗuwa kuma ba ruwana."

Kai, jama'a! Watan Nuwamba sai ka rantse wani mutum aka sauya. Ya daina barin ƙwallo a baya. Ya ba da biyu aka ci, ya bugi turke sau ɗaya, an hana shi wata an ce satar gida. Ni da a da ba na kallon komai a wasa sai inda aka tuge mini ciyawa, sai ga ni a kwana ina tsalle ina zagin mai tuta. Na koma gida murya a dishe, maiɗakina ta ajiye mini tuwo ta ce, "Ikon Allah. Kai ne yau da ihun ƙwallo? Ko dai kai ka haife shi ba mu sani ba?" Amma duk wannan ba shi shugaban kulob yake jira ba. Shi ƙwallo a raga ya ce, kuma har Disamba ta yi nisa babu ita.

Wasa biyu suka rage kafin Janairu, duka a filinmu. A na farkon ne na tafka abin da har yau in na tuna sai na ji kunya. A hutun rabin lokaci akan ba fili ruwa, koci ya ce minti biyar. Ina tsaye gaban akwatin kunna ruwa sai dabara ta zo mini. Na ce yaron nan a kan roba ya tashi, inda ƙwallo ke gudu. Bari in jiƙa masa gefen da za mu kai hari, ta gudu masa kamar a gida. Na kashe ɗaya gefen a minti biyar, na bar wancan har goma. Ɗaya daga cikin ma'aikatana ya kalle ni, na harare shi ya sunkuyar da kai.

Ana dawowa ba a jima ba aka zura masa ƙwallo, ya tsere wa kowa, daga shi sai mai tsaron gida. Na riga na ɗaga hannu sama. Ya kafa ƙafar hagu zai buga, ƙasa ta tafi da shi. Timm! Ya faɗi rigingine, ruwa ya fallatsa, ƙwallo ta mirgina a hankali ta shige hannun mai tsaron gida. Har magoya bayanmu sai da suka yi dariya. Koci ya jefar da gorar ruwa, ya cire shi nan take. Yana fita bayansa jiƙe sharkaf, yana kallon wurin da ya faɗi, yana girgiza kai, don ya san da safe mun taka wurin tare kuma lafiya lau yake.

Bayan wasa direba ya ƙara mini. Ya ce, "Dillali ya kawo wani ɗan Brazil, ni na ɗauko shi daga filin jirgi. Yana otal yana jiran gurbi." Ranar tuwo bai shiga cikina ba.

Da safe na yi zaton ba zai zo ba. Sai ga shi yana cire takalmi. Ban bari ya gaishe ni ba, na gaya masa komai, minti goma, da dalilina. Na shirya ya zage ni, da ni ne da na yi fiye da haka. Shi kuwa kunnuwansa ne suka yi ja. Can ya ce, "Kawu, wata uku ina koyon ciyawarka, kai kuma sai ka mayar mini da ita roba?"

Na ce, "Na yi kuskure, ɗana. Ka yafe mini."

Ya ce, "Kada ka taimake ni. Filin da na sani kawai nake so. Minti nawa za ka ba shi a wasa na gaba?"

"Biyar."

"To ba shi biyar yanzu, mu jira rabin awa in gwada."

Haka muka yi kwana shida a jere. Ruwa minti biyar, a jira, ya mirgina, ya rubuta.

Ranar wasan ƙarshe da la'asar aka take, iska mai sanyi na tasowa daga teku. Abokan karawarmu sun fi mu komai. 'Yan kallo ba yawa, amma masu ganga da lasifika sun zo. Ɗan Norway yana benci. Na ɗaga kai na hango ɗan Brazil a rumfar manya, zaune kusa da shugaban kulob da baƙin tabarau, ya harɗe ƙafa. A hutun rabin lokaci na ba fili ruwa minti biyar cif, ina kallon agogo.

Babu ci, babu ci, har saura minti ashirin. Sai na ga koci ya waiwaya ya ce, "Yalla!" Yaro ya tuɓe rigar sama ya shigo. Ina tsaye a kwanar dama, gefen da muke kai hari, riƙe da manjagarata. Taɓawarsa ta farko an ƙwace. Ta biyu ya buga sama. Na ce inna lillahi, na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Saura minti shida ɗan wasanmu na gefe, wani Baƙatare mai gudu, ya taho ta wurina, ya wuce mutum ɗaya, ya turo ƙwallo ƙasa-ƙasa ta gaban raga. Ina ganin inda ta bi gabana ya faɗi. Layi mai duhu! Ciyawar na fuskantarta, ruwan kuma ya yi fiye da rabin awa da sauka. Mai tsaron gida da masu tsaron baya biyu duk suka kwasa zuwa turken nesa, can suke tsammanin za ta kai. Mutum ɗaya ne a filin nan ya taka birki. Ƙwallo ta rage gudu, ta rage, ta zo ta kwanta a gaban ƙafarsa kamar an aiko ta. Ya kafa ƙafar hagu, ƙasa ta riƙe shi gam. Ya saki dama.

Raga! Raga, jama'a! Ban san lokacin da na yi jifa da manjagara ba. Ganga ta ɓarke, lasifika na ihu, direba ya fito daga bayan benci yana rawa da tumbinsa. Yaro ya juyo ya nufo kwanata a guje, hannuwa a buɗe, baki a buɗe, 'yan wasa goma na binsa. Ya taho, ya taho, saura kamar taku goma sha biyar sai na ga ya tuna. Ya ja birki ya tsaya ƙiƙam a gabana yana haki, yana kallon ciyawa yana kallona.

Na ce da Hausa, don Turancin ya gudu, "Zame! Zame mana, don Allah!" Na nuna masa ƙasa da hannu biyu.

Ya gane. Ya koma da baya, abokan wasansa suka dare masa, ya kwaso gudu ya zube kan gwiwoyinsa. Ya tafi, ya tafi, ciyawa na tashi hagu da dama, har sai da ya zo ya bugi ƙafafuna muka faɗi tare. Yana dariya yana kuka yana cewa, "Akwai daɗi, Kawu! Akwai daɗi!" Sauran suka zubo kanmu. Wanda na taɓa bi da manjagara yana ta saman tulin yana ihu da Larabci wai wannan son kai ne.

Ɗaya da nema aka tashi. Bayan kwana biyu direba ya mayar da ɗan Brazil filin jirgi. Yaro ya ƙarasa kakar da mu, ya ci wasu, daga nan wani kulob a Turai ya saye shi, inda duk filayensu ciyawar gaske ce.

Amma ni safiyar bayan wasan nake tunawa. Na iso bayan asuba na tarar ma'aikatana sun fito da bokitin yashi da iri. Na ce su ajiye. Na auna layukan da ƙafata, taku tara, mafi tsawon da aka taɓa yi mini a filin nan. Kwana uku na hana kowa taɓa wurin. Na ɗauki hotonsa na tura wa ƙanena a Kura ya nuna wa tsoho. Ba a jima ba waya ta yi ƙara.

Tsoho ya ce, "Kai, wane jakin ne ya shigar maka gona haka?"

Na ce, "Ba jaki ba ne, Baba. Ɗana ne."